Asma da Ciwon Huhu: Masu Fama Sun Fi Waɗanda Aka Gano Yawa

Asma ciwo ne da ke sa hanyoyin iska na huhu su kumbura su tsuke, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana fito, musamman da tsakar dare ko da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da shi. Akwai kuma toshewar huhu mai daɗewa, wadda likitoci ke kira COPD, da ta kashe mutum miliyan 3.23 a wannan shekarar.

A Nijeriya, wani bincike da aka yi a birane biyar, aka buga a 2019, ya nuna kashi 6.4 cikin ɗari na mutane suna da asma, wato kusan miliyan 13. Waɗanda likita ya taɓa tabbatar musu da ciwon kuwa kashi 2.5 ne kacal.

Abin da ke tada shi ba ɓoyayye ba ne a Unguwa Uku da ke Kano. Ga hayaƙin manyan motoci da Adaidaita Sahu a tasha da kan titin Zariya, ga ƙurar hunturu. A cikin gida kuma ga itace da gawayi, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki. Dattijuwar da ta shekara talatin a gaban murhu na iya samun huhu irin na mai shan taba, alhali ba ta taɓa sa sigari a baki ba.

Galibi kemis ake fara zuwa, a ce sanyi ne ya kama ƙirji, a sayi maganin tari. A ƙaramin asibiti, mai dogon tari akan aika shi gwajin majina saboda tarin fuka, kuma hakan daidai ne. Matsalar tana bayan sakamako: in ya fito babu, sau da yawa nan maganar ke tsayawa. Yaro mai asma kuma sai a yi ta yi masa maganin limoniya duk hunturu.

Tabbatar da ciwon na buƙatar na'urar auna numfashi, wadda ake hura wa iska da ƙarfi kafin shaƙar magani da bayansa. Irin wannan gwaji sai manyan wurare kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda daga Gyadi-Gyadi ko Tarauni ba wata tafiya ba ce, amma sai an tura mutum. Abin takaici, tambayoyi kaɗan sun isa su sa ma'aikacin lafiya ya yi zargi: tarin na tashin mutum daga barci? Yana dawowa duk shekara? Akwai mai shi a dangi?

Ko an gano, wasu na gudun abin shaƙa, wai in an fara ba a dainawa. Ba ya kama jiki. Abin shaƙa na Salbutamol na buɗe ƙirji nan take, amma mai hana kumburin ake shaƙa kullum, shi ne kuma ya fi tsada da wuyar samu.