Ikkilisiyar Habasha da Kurmin da Ta Ɗauka Tamkar Bangon Majami'a

Duk wanda ya ratsa tuddan arewacin ƙasar Habasha, musamman yankin Gondar ta Kudu da kewayen tafkin Tana, zai ga gonaki fetal iyakar ganin ido, babu itace sai jefi-jefi. Amma can bisa wani tudu sai ya hango wani dunƙulallen kurmi kore shar, a tsakiyarsa kuwa ga majami'a. An ƙiyasta cewa irin waɗannan kurame na ikkilisiya sun kai kimanin 35,000 a ƙasar, wasu hekta kaɗan ne, wasu kuwa sun kai ɗaruruwan hekta.

Bangaskiyar Kirista ta kafu a Habasha tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum. 'Yan'uwanmu na Ikkilisiyar Otodoks ta can suna ɗaukar itatuwan da ke kewaye da majami'a tamkar suturarta, suna kuma kwatanta wurin da gonar Adnin, wadda Littafin Farawa ya nuna an danƙa wa mutum nomanta da kiyaye ta. Saboda haka a wurinsu ba a gama ginin ɗakin sujada ba muddin yana tsaye tsirara a rana.

Yawancin majami'un karkara zagayayyu ne kamar ɗakunanmu na gargajiya. Bangon na dutse ne da laka da katako, jinkar kuwa a da ta ciyawa ce, an sako ta ta zarce bango sosai domin kada ruwan damina ya ci lakar. A ƙololuwa akwai gicciye, sau da yawa an yi masa ado da ƙwan jimina. Ciki kashi uku ne, wani cikin wani. Na waje wurin mawaƙa ne, na biyu wurin karɓar jibin Ubangiji, na tsakiya kuwa firistoci ne ke shiga, nan ake ajiye allon da suke kira tabot, wato kwatancin allunan Dokoki Goma na cikin Akwatin Alkawari. Ginin kansa ba shi da girma. Ran Lahadi da ranakun idi da yawa cikin jama'a a waje suke tsayawa, lulluɓe da fararen mayafai, suna bin sujada daga gindin itatuwa. Watau inuwar nan ita ce babban zaurensu, ba a kuwa sayi siminti ko buhu ɗaya ba kafin a same shi.

Kurmin kuma mazauni ne. A cikinsa akwai bukkokin masu zuhudu maza da mata, da ƙananan bukkokin ciyawa na almajiran makarantar ikkilisiya, waɗanda ke koyon karatu da waƙa cikin tsohon harshen Ge'ez, suna fita ƙauyuka neman abinci. Akwai ɗakin da ake toya gurasar jibi, wanda suke kira Baitalami, akwai rumfunan da ƙungiyoyin zumunta ke cin abinci tare bayan an tashi, akwai kuma kaburbura. Idan rufi ya lalace, daga nan ake samun katakon gyara, musamman na wani itace da suke kira tid, mai kama da al'ul, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Sarar itace domin amfanin kai kuwa abin kunya ne da tsoro. A zirin ƙasar Zege da ya kutsa cikin tafkin Tana, inda gidan zuhudu na Ura Kidane Mehret yake, mutane sun daɗe suna noman gahawa a inuwar manyan itatuwa, abin da ya sa cin abincinsu ya rataya a kan tsayuwar kurmin.

To, sai dai abin bai tsira daga wahala ba. Gwamnatin soja ta Derg ta ƙwace filaye ta mai da su na hukuma a 1975, har da na ikkilisiya, jama'a kuma suka yi ta ƙaruwa. Ba kasafai ake shiga da gatari a kwantar da kurmi gaba ɗaya ba. Ɓarnar a hankali take tafiya. Manomi ya ƙara kunya ɗaya bana, ya ƙara wata baɗi, shanu da awaki su shiga neman inuwa su cinye 'yan tsirrai, sai a wayi gari tsofaffin itatuwa na nan amma babu matasan da za su gaje su. A wurare da dama an maye ciyawar rufi da kwano, an kuma dasa itacen turare saboda saurin girmansa da kuɗin da yake kawowa, alhali kuwa itace ne mai shan ruwan ƙasa ƙwarai.

Wani masanin gandun daji ɗan ƙasar, Dokta Alemayehu Wassie Eshete, ya yi binciken digirinsa na ƙoli a kan wannan batu a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, ya kammala a 2007. A kuramen majami'u 28 kaɗai, shi da abokan aikinsa sun ƙirga irin itatuwa da ƙirare da masu yaɗo har 168, da yawansu sun yi wuyar gani a gonakin kewaye. Daga baya ya haɗa kai da wata masaniya Ba'amurkiya, Margaret Lowman, suka riƙa tara firistoci suna nuna musu hotunan majami'unsu da aka ɗauka daga sama, domin su ga da idonsu yadda gonaki suka matse su.

Maganin da aka tsaya a kansa shi ne abin da ya fi burge ni, domin ba a ɗauko shi daga waje ba. Katanga ce ta duwatsu da ake jerawa ba tare da siminti ba, irin wadda mutanen wurin suka iya tun kaka da kakanni. Duwatsun daga gonaki ake tsinto su, don haka manomi ma ya huta da abin da ke karya masa garma. Masu bi ne ke yin aikin da hannunsu. Inda hali ya yi, akan ja katangar ta ɗan yi nesa da bakin kurmi, a bar fili ga sabon tsiro. An kuma haƙa masai domin tsabtar wurin.

Mu a nan, in aka ba ikkilisiya fili, aikin gayya na farko shi ne a sare duk wata ɗorawa da tsamiya da kaɗanya kafin a ja igiyar harsashi. Bayan an rufa kwano sai a shiga tara baikon sayen fanka, ran babban taron zumuntar mata kuma a yi hayar rumfa. Kwamitin gini da ke da sabon fili a hannu zai iya zagayawa tukuna ya sa wa itatuwan da za a bari alama, ya kuma sa kuɗin shinge cikin lissafi tun kafin kuɗin fenti, domin awakinmu ba su fi na Gondar kunya ba.