Renon Tsiro da Yayensa

A Ingila, da watan Maris ya kama, bakin tagogin kicin kan cika da 'yan tukwanen roba masu ƙasa a ciki. A waje sanyi na nan da sauran ƙarfinsa, wani daren har raɓa ta daskare a kan ciyawa, amma yini ya fara tsawo. A Landan, wajen 20 ga wata dare da rana ke daidaita, alhali a Disamba hasken ba ya kai awa takwas. Wannan ƙarin haske ne ke sa masu lambu su fito da irin ganyayen ƙamshi, ɗoɗɗoya da fasili da tayim da lansir, su shuka a ɗaka tun ƙasar waje ba ta yi ɗumi ba. Duk macen da ta taɓa goyo za ta gane aikin nan, don reno ne sak.

Ba a fara wa jariri da tuwo. Iri ma da guzurinsa yake zuwa a cikin ƙwaya, da shi yake fitar da ganyaye biyun farko. Shi ya sa ake shuka shi a ƙasa mai laushi wadda ba a cika mata taki ba, don taki mai ƙarfi ƙona ɗanyar saiwa yake yi. Irin tayim ƙanana ne ƙwarai kuma suna son haske, sai a barbaɗa su a sama a danna da yatsa kawai.

Sannan kowane ɗa da halinsa. Lansir, kwana biyu zuwa uku ya leƙo. Ɗoɗɗoya kan ɗauki kamar mako guda, muddin ɗumin ɗakin ya kai digiri 20. Fasili kuwa mai nawa ne, sai ya yi mako uku ko huɗu, wani lokacin har shida, ko da an jiƙa irin ya kwana a ruwa. Mutane da yawa kan zubar da tukunyarsa ana saura kwanaki ya fito, suna zaton ya ruɓe. Abin na ba ni tausayi, domin uwar da ɗanta ya yi jinkirin tafiya ba ta fid da rai, ta san ƙafa na nan zuwa.

Abin da ya fi kashe tsiro a wannan mataki shi ne kulawar da ta wuce kima. Sabuwar uwa, da yaro ya motsa sai ta ba shi nono, ta ƙara masa bargo, ta rufe taga. Sabon mai shuka ma haka: safe ruwa, yamma ruwa, ga leda an lulluɓe tukunya ruf. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, iska ba ta ratsawa, sai wani naman gwari ya kama karan daga tushe. Jiya tsiro na tsaye kore shar, yau ya kwanta, gindinsa ya tsuke ya yi baƙi, kuma wanda ya kwanta ba ya tashi. Maganin shi ne a taɓa ƙasa da yatsa kafin a ba da ruwa, a zuba ruwan a faranti ƙarƙashin tukunya ta tsotsa da kanta, a kuma yaye ledar da zarar kai ya fito. Idan ɗumi ya yi yawa haske ya yi kaɗan, tsiro kan zarce tsawo, siriri, fari-fari, yana karkata wajen gilashi. A kai shi tagar da ke kallon kudu, a riƙa juya tukunyar kullum. Ranar da za a raba su kowa da tukunyarsa, bayan ganyen gaskiya ya fito, a ganye ake kamawa. Ganye in ya yage wani zai tofo, kara in ya murje shi ke nan.

Sai yaye. Uwa mai hankali tun da sauran watanni take saba wa yaro da kunu da koko, ta bar shi ya yini wajen kakarsa, don ranar rabuwa da nono ta zo masa da sauƙi. Tsiron da ya tashi bayan gilashi bai san iska ba, bai san zafin rana kai tsaye ba. A fitar da shi inuwa na 'yan awoyi, a mai da shi ɗaka kafin magariba, kullum ana ƙara lokaci. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, tana ba da shawarar mako biyu zuwa uku ana wannan sabo. Ranakun Afrilu masu daɗi kan yaudari mutum, shi ya sa tsofaffin manoman Faransa da Jamus ba sa dasa tsiro mai rauni sai kwanakin 11 zuwa 13 ga Mayu sun wuce, lokacin da suka saba tsammanin sanyin ƙarshe. A arewacin Ingila da Sukotland akan jira har farkon Yuni.

Fasili da tayim suna jure sanyi, su ke fara fita. Ɗoɗɗoya ce auta, 'yar ƙasashen zafi, da dare ya sauka ƙasa da digiri 10 sai ta tsaya cak, ganyenta ya soma baƙi. Da yawa a Ingila ba sa yaye ta sam, a bakin taga take zama, ana tsinke mata kai sama da mahaɗar ganye don ta yi rassa, har sanyin Oktoba ya shigo.