Ciwon ƙoda a kyanwoyi: ƙwayar cutar da masana ke zargi

A unguwannin Nima, Maamobi da Kokomlemle da ke birnin Accra, gidaje da shaguna da dama na ajiye kyanwa domin maganin ɓeraye. Idan ta tsufa ta fara ramewa, akan ce shekaru ne kawai. Amma sau da yawa abin da ke cin ta ciwon ƙoda ne mai daɗewa, ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi kashe tsofaffin kyanwoyi.

A shekarar 2012 masu bincike a Hong Kong suka gano wata ƙwayar cuta a jikin kyanwoyin titi, suka sa mata suna Feline morbillivirus. Dangi ɗaya take da ƙwayar da ke jawo ƙyanda ga yara, da ta cutar bushiya da aka kawar daga shanun duniya a 2011. Daga baya an same ta a Japan, Amurka, Jamus, Italiya, Turkiyya da Brazil.

Ƙwayar na zama a cikin ƙananan bututun ƙoda, tana fita ta fitsari, wani lokaci har tsawon watanni. A wasu kyanwoyin da ke ɗauke da ita an ga kumburi da tabo a waɗannan bututu, irin lahanin da ake gani a ciwon ƙoda. Sai dai an kuma same ta a kyanwoyi masu ƙoshin lafiya, shi ya sa masana ke ci gaba da muhawara kan ko ita ce sanadi, ko kuwa tana ƙara tsananta ciwon ne. Har yanzu ba ta da allurar rigakafi, kuma babu shaidar tana kama mutane.

Ciwon ƙoda ba ya nuna kansa da wuri. Alamu kan bayyana ne bayan kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya lalace: yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama, rashin cin abinci, amai da warin baki. Abin da ya lalace ba ya komawa, amma gano shi da wuri ta gwajin jini da na fitsari na iya ƙara wa dabbar tsawon kwana.

A Accra ana iya kai kyanwa asibitin dabbobi na gwamnati da ke La, ko wurin likitoci masu zaman kansu. A gida kuma, a riƙa ajiye mata ruwa mai tsabta kullum, a rage ba ta kifi mai gishiri irin koobi, a riƙa wanke inda take fitsari. Likitocin dabbobi na gargaɗin kada a ba kyanwa maganin mutane: ibuprofen na lalata ƙodarta, ƙwayar paracetamol ɗaya kuwa tana iya kashe ta.