Kafin ka kira dillali, duba inda ruwa ke bi a gidanka

A shirinmu na wannan mako mun taɓo batun ƙananan gyare-gyaren da ke ɗaga darajar gida in an tashi sayarwa. Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna.

Malam mai gida, ko a Maraɗi kake ko a Katsina, ka sani mai saye ba adon gida yake fara kallo ba. Idonsa na neman abin da zai ci masa kuɗi bayan ya tare. Duk tsagar da ya gani a bango, duk tabon yoyo a silin, a ransa yake lissafi, kuma abin da zai zabtare a ciniki yakan zarce kuɗin gyaran nesa ba kusa ba.

To, babban mai ɓata gida a ƙasashenmu ruwa ne. Fara da sama. In rufin kwano ne, sa kafinta ya hau ya canza kusoshin da suka saki da fallen da ya yi tsatsa, sannan a cire silin da ya yi tabo. In kuwa soron ƙasa ne, a sabunta yaɓe, a ƙara wa indararo tsawo yadda ruwan zai zuba nesa da bango.

Sai ka sauko gindin bango. Ka taɓa lura da wani farin gari kamar kanwa, filasta na ɓarewa? Danshi ne ke hawa daga ƙasa, yana jawo gishiri. Fenti ba ya maganinsa, 'yan watanni kaɗan zai sake kumbura. Abin yi shi ne a kankare wurin, a sake shafe, a zuba ɗan dakalin siminti mai gangara zuwa waje, a kuma yashe kwata. A riƙa ba simintin ruwa kamar kwana 7 don ya yi ƙarfi. Watan Maris da Afrilu sun fi dacewa da wannan aiki, tun damina ba ta kankama ba.

Banɗaki ma kada ka raina shi. Wari ko shadda da ta cika na iya korar mai saye tun daga zaure. A kwashe, a gyara murfi, a canza famfon da ke ɗiga.

Bayan an gama waɗannan ne za a zo kan fenti. Zaɓi launi mai haske, ka haɗa da ƙofar waje, don ita ake fara gani. Tayil mai tsada da adon silin kuwa, bar wa mai saye. Kowa da irin son ransa, kuma farashin unguwa ba ya barin kuɗin ya dawo maka.

Abu na ƙarshe, biya bashin wuta, na NIGELEC ne ko na KEDCO, ka adana rasit tare da takardun filin. Dillali ya fi samun bakin magana in komai na hannu.