Wane Fetur Ya Dace Da Mota Mai Haɗa Mai Da Lantarki?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, masu motoci a ƙasar nan suka shiga wani irin lissafi wanda da can ba su saba yi ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki kaɗan, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Wannan tsada ita ce ta karkato da hankalin wasu zuwa ga motar nan da ake kira haibirid, watau motar da aka haɗa wa injin fetur da na'urar lantarki mai aiki da babban batir, su biyun suna karɓa-karɓa wajen jan ta.

Kamfanin Toyota ne ya fara sayar da irin wannan mota da yawa, sa'ad da ya fitar da Prius a ƙasar Japan a watan Disamba na 1997. Galibin waɗanda ake gani a titunan Nijeriya 'yan Kwatano ne, watau an riga an more su a ƙasashen waje, musamman Amurka, kafin a kawo su. To, wanda ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi irin wannan mota domin tsimin mai, ko shakka babu zai so ya san man da zai zuba mata, da kuma gidan man da zai tsaya.

MA'ANAR LAMBAR OKTAN

A gidajen mai na Amurka akan sami fetur hawa uku a famfo guda, an rubuta musu 87, da 89, da kuma 91 ko 93, kowanne da farashinsa. A Turai kuwa lambobin da aka fi gani su ne 95 da 98. Waɗannan lambobi su ake kira lambar oktan, kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa ƙarfin man suke nunawa. Abin da suke aunawa dabam ne.

A cikin silinda, fistin yakan matse iska da aka gauraya da fetur, sa'an nan fulogi ya ba da wuta a daidai lokacin da aka tsara. Idan matsi da zafi suka yi yawa, wani sashe na wannan gauraye yakan fashe da kansa tun wutar fulogi ba ta iso gare shi ba, sai a ji inji yana wata ƙara siririya kamar ana karkaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Wannan ƙwanƙwasa ba ita ce abin da makanikai ke nufi ba in sun ce inji ya buga, amma in ta daɗe tana iya cinye fistin har ta kai ga hakan. Lambar oktan ita ce ma'aunin juriyar fetur ga irin wannan fashewa. Injin da aka ƙera da matsi mai tsanani yana bukatar lamba mai girma. Wanda ba a ƙera shi haka ba kuwa, ko an zuba masa mai tsadar ba zai ƙara gudu ba, kuma ba zai rage sha ba, domin kuzarin da ke cikin lita guda kusan ɗaya ne.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata mai motar Kwatano ya kiyaye. Ma'aunin Amurka da na sauran yawancin duniya ba ɗaya ba ne. Turai da Japan da Afirka suna amfani da ma'aunin da ake kira RON, ita kuwa Amurka takan haɗa sakamakon gwaji iri biyu ta raba biyu, saboda haka lambarta takan yi ƙasa da maki huɗu ko biyar. Ke nan 87 na Amurka daidai yake da wajen 91 a ma'aunin RON. Littafin Prius da aka sayar a Amurka ya kawo lambobin biyu a jere, 87 da 91, kuma fetur iri ɗaya suke nufi.

Wani zai yi mamaki in ya ji cewa matsin injin Prius a rubuce ya kai kashi 13 bisa 1, adadin da ya fi na motocin tsere da yawa, amma duk da haka man talakawa yake sha. Sirrin yana cikin tsarin da aka raɗa wa sunan James Atkinson, wani injiniya ɗan Ingila da ya ƙirƙiro shi a cikin shekarun 1880. A injunan zamani masu bin wannan tsari, bawul ɗin shigar iska yakan jinkirta rufewa, har fistin ya fara hawa ya mayar da wani kaso na iskar baya. Saboda haka matsin da ake samu a zahiri bai kai na rubuce ba, amma fistin yana samun doguwar tafiya wajen sauka, yana tatsar ƙarfin wutar sosai. Irin wannan inji ba shi da kuzari wajen tashi, to sai na'urar lantarki ta cike giɓin. Da haka ake samun tsimin.

Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Prius da Camry mai lantarki suna wadatuwa da 87 na Amurka, sai dai Lexus RX 450h an rubuta mata 91 na Amurka, watau wajen 95 ko 96 a ma'aunin RON. In aka ba irin wannan mota man da bai kai ba, akwai wata 'yar na'ura a jikin inji mai jin ƙwanƙwasa, ita za ta sanar da kwamfutar motar ta jinkirta wutar fulogi. Inji zai tsira, amma ƙarfi zai ragu, shan mai kuma ya ɗan ƙaru. Da yake kusan duk gidajen mai na Nijeriya fetur hawa ɗaya suke sayarwa, wajibi ne mai saye ya duba littafin mota ko bayan murfin tanki tun kafin ya biya kuɗin motar, domin bayan an saya ba shi da sauran zaɓi a famfo.

A shekarar 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun yi asarar fiye da dala biliyan 2 cikin shekara guda wajen sayen mai mai tsada ga motocin da ba su bukatarsa.

SUNAN KAMFANI KO GASKIYAR GIDAN MAI

Batun kamfani kuwa yana da nasa bayanin. Sau da yawa tankokin kamfanoni dabam-dabam daga daffo ɗaya suke yin lodi, bambancin kawai shi ne sinadarin wanke inji da kowane kamfani ke ƙarawa. Tun 1995 dokar Amurka ta tilasta a sa wani ɗan adadi na wannan sinadari a kowane fetur. Da wasu masu ƙera motoci, ciki har da Toyota da Honda da BMW da General Motors, suka ga adadin ya yi kaɗan, sai suka kafa wani mizani mai suna Top Tier a shekarar 2004. A gwajin da AAA ta sa aka yi a 2016, an tarar man da bai cika wannan mizani ba ya bar datti a kan bawul ninki 19 na wanda ya cika shi. Abin lura a nan shi ne, mizanin ya shafi dukkan hawa na man kamfanin da ya shiga tsarin, har da mafi araha. Wanda yake neman tsabtar inji ke nan ba sai ya sayi 93 ba.

A nan gida babu irin wannan tambari a jikin famfo, saboda haka abin dubawa shi ne halin gidan man. Jama'a ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka lalace, layukan mai suka dawo na makonni. Matatar Dangote ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, amma ko man ya fito daga matata da kyau, tsakanin daffo da tankin mota akwai hannaye da yawa. Tsohon tankin ƙarƙashin ƙasa yana iya shan ruwa da damina. Man 'yan bumburutu kuwa, wanda ya yini a rana cikin jarka, ba wanda ya san abin da aka gauraya masa. Gidan man da ke da ciniki sosai, wanda mansa ba ya daɗewa a ƙasa, ya fi zama abin dogara, kuma riƙe gida ɗaya ko biyu tare da karɓar rasit yana sauƙaƙa gano inda matsala ta fito.

Wannan ya fi shafar haibirid saboda yanayin aikinta. Injinta yakan mutu ya tashi sau da dama a cikin cunkoso guda, kuma a gajeriyar tafiya ba ya yin zafin da zai kore danshi da ragowar fetur daga cikin baƙin mai. Bugu da ƙari, tanki guda yakan daɗe bai ƙare ba, musamman a irin waɗanda ake yi wa caji da wutar gida. Fetur kuwa yana tsufa: in ya yi watanni, sassansa masu saurin kamawa sukan tsere, saura ya fara yin danƙo mai toshe nozil. Saboda haka ne kamfanin Chevrolet ya tsara wa motarsa Volt, wadda aka daina ƙerawa a 2019, ta riƙa tayar da injinta da kanta ta ƙone man da ya kai shekara a tanki. Wanda ba ya yawan tafiya, gara ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan da ya cika tanki ya ajiye.

Akwai kuma ɗabi'u biyu da suka zama ruwan dare a gidajen mai, waɗanda ba su dace da wannan mota ba. Ta farko ita ce girgiza mota da ci gaba da ɗura mai bayan famfo ya tsaya da kansa. Rarar takan gangara cikin akwatin gawayin da ke tare tururin fetur ta lalata shi. Prius ta 2004 zuwa 2009 da aka sayar a Amurka ma wata jakar roba ce a cikin tankinta, wadda kan tsuke in an yi sanyi, saboda haka ba kullum take ɗaukar adadi ɗaya ba, kuma matsa mata yakan sa ta amayar da man.

Ta biyu ita ce barin mai ya ƙare ƙaf bisa zaton batir zai kai mutum gida. Babban batirin Prius ta gama-gari bai wuce ya ja ta kilomita ɗaya ko biyu ba, kuma shi ne yake tayar da injin fetur ɗin. In direba ya ci gaba da lallaɓawa har ya zuƙe shi, ko an kawo galan an zuba, motar tana iya ƙin tashi, kuma batir mai ƙarfin wuta fiye da bolt 200 ba a yi masa caji a shagon mai cajin batir na bakin titi, sai an ɗauki motar zuwa wurin masu na'ura ta musamman.