Kada Tsatsa Ta Cinye Gadon Gidanmu

A hutun rani muka je gaisuwa gidan wani ɗalibinmu, jikan maƙeri. A gindin rumbu muka hangi uwar maƙeran kakansa a yashe, ta yi ja wur, da masaba da awartaki kusa da ita. Mai gida ya ce 'yan gwangwan yake jira su auna su kwashe. Muka roƙe shi ya ba mu mako 1. Mai karatu, wataƙila kai ma akwai irin wannan dukiya a gidanka.

Tsatsa tana fitowa ne idan ruwa da iska suka haɗu a kan baƙin ƙarfe. Tana kumbura, ta ɓanɓare, danshi ya shiga ƙarƙashinta, ta ci gaba da ci. Gishiri da takin zamani suna ƙara mata sauri. Amma a ƙarfe mai kauri, yawanci fatar waje kaɗai take taɓawa.

Ga yadda muka yi. Ƙananan kaya muka fara. Muka cire ƙotocinsu, muka jiƙa tsamiya mai yawa a tsohon baho, muka nutsa ƙarafan ciki kwana 2. Tsamin ne yake narkar da tsatsa. Muka goge su da burushin waya, muka ɗauraye da ruwan toka don ya kashe sauran tsamin, muka shanya a rana nan take. Idan aka bar su da jiƙa, kafin gari ya waye sun sāke yin ja.

Uwar maƙera kuwa ba mu jiƙa ta ba. Kananzir muka shafa mata, ta kwana, sa'an nan muka bi ta da burushi da samfefa mai laushi. Da jan ya fita muka tsaya. Baƙin da ya rage a jikinta ba ya ɓarna, a bar shi. A kula da abu 2. Kada a sa ta cikin wuta don a ƙone tsatsa, gama zafi yana kashe taurin fuskarta. Kada kuma a ci fuskar da injin wāshi, domin abin da aka cire ba ya dawowa. Da muka buga mata ƙaramar guduma, ta yi ƙara tar, gudumar ta yi tsalle. Alamar lafiya ke nan.

Daga nan sai tsaro. A shafa mai kaɗan, a goge da tsumma. Wuƙa da duk abin da ke taɓa abinci, man kaɗe ko man gyaɗa za a sa musu, ban da baƙin man mota. A kafa uwar maƙera a kan kututture, ƙarƙashin rumfa. Fartanya da garma da lauje a wanke musu laka, a rataye su nesa da buhun taki.

Wanda tsohon ƙarfe ya yanka, ya wanke wurin da sabulu ya tafi asibiti. Ƙwayar ciwon nan mai sarƙe haƙora tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, akwai kuma allurar rigakafinta.

Yau yaron nan yana gyara fartanyun unguwarsu a kan uwar maƙeran kakansa, yana samun kuɗin littattafai. Iyaye, kafin damina ta faɗi, ku kira yara ku leƙa gindin rumbu tare.