Haɗa Hannu Wajen Kula da Lafiyar Zukatan Ɗalibai

Tun fiye da shekara dubu da suka shige, shaihin malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya bayyana cikin littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus cewa yadda jiki yake kamuwa da ciwo, haka zuciya take kamuwa da tsoro da baƙin ciki da waswasi, kuma kowannensu yana karɓar magani. A zamaninmu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14, wato yana hannun malaman makaranta.

Mushkilar ita ce, babu mutum guda da yake ganin halin yaro dukkansa. Malamar aji ita ta ga yarinyar da a da take riga kowa ɗaga hannu ta koma bencin baya, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Uwa ita ta san tuwon dare yana kwana a kwano ba a taɓa shi ba, ita ke jin shessheƙa bayan an kashe fitila. Malamin Islamiyya kuwa ya lura haddarta tana zubewa. Muddin waɗannan uku ba su zauna sun haɗa abin da kowa ya gani ba, to, bulala za ta yi ta sha da sunan lalaci, ko a ce iskoki ne, alhali ciwon yana daɗa cin ta.

A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna hanya a Aro, kusa da Abeokuta, inda ya zaunar da majinyata masu ciwon ƙwaƙwalwa cikin ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su. A ganina makarantunmu sun fi kowa bukatar wannan hikima, domin likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, asibitocinsu kuma, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, sun yi wa yawancin talakawa nisa. Abin da ya kamata shi ne kowace makaranta ta keɓe malami mai haƙuri, a horar da shi ya gane alamu, ya san ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa. Malamin addini ya yi addu'arsa, sa'an nan ya ce wa iyaye su kai yarinya ga likita, don maganarsa tana da nauyi a kunnensu.

Sharaɗin duk wannan shi ne amana. Ranar da sirrin ɗaliba guda ya fita daga ofishin malamai ya shiga bakin 'yan aji, babu wadda za ta sake ƙwanƙwasa wannan ƙofa.